Yadda Ƙwayar Cuta Ke Rikiɗa: Darasi Daga Shan Inna a Birnin Kano



1. Gabatarwa

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta game duniya, kunnuwan jama'a suka saba da jin cewa cuta ta fito da sabon launi. Aka ji Alfa, aka ji Delta, sa'an nan aka ji Omikron. Tare da haka sai wata magana ta zauna daram a bakin mutane, har da waɗanda suka yi zurfi a ilmin zamani, cewa wai ita ƙwayar cuta in ta daɗe tana yawo cikin jama'a, ƙarfinta raguwa yake yi har ta koma kamar mura. Magana ce mai daɗin ji, amma tana da haɗari, domin wanda ya gaskata ta zai iya naɗe hannu ya ce a bar cuta ta gaji don kanta.

Wannan lacca za ta auna wannan magana da abin da ya faru a nan Kano game da cutar shan inna daga 2003 zuwa 'yan shekarun nan. Za a duba abubuwa uku: yadda ƙwayar cuta ke rikiɗa, da yadda take yaɗuwa, da kuma dalilin da ke sa zafinta ya ragu ko ya ƙaru. Abin da za a gani a ƙarshe shi ne, yawan jikunan da ƙwaya ta samu ta bi, shi ke ba ta damar rikiɗa, kuma babu wata ƙa'ida da ta tilasta mata ta rikiɗa zuwa ga sauƙi.

2. Sunan Cutar da Ainihinta

Sunan da Bahaushe ya ba wannan cuta yana ɗauke da tarihin fahimtarsa. A da an ɗauka cewa wata iska ce, wadda masu bori ke kira Inna, ke shanye ƙafar yaro ko hannunsa. Wanda ya raɗa sunan ya lura da kyau, domin kuwa yaro kan kwanta da ɗan zazzaɓi, bayan 'yan kwanaki a ga ƙafa ta saki, daga baya ta motse kamar an tsotse ta. Abin da ido bai iya gani ba shi ne mai yin ɓarnar.

Mai ɓarnar wata ƙwaya ce daga dangin da masana ke kira bairas, wadda ta fi ƙwayar bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Takan shiga ta baki, a cikin ruwa ko abinci ko yatsun da suka taɓa ƙazanta, ta sauka a maƙogwaro da hanji ta hayayyafa, sa'an nan ta riƙa fita cikin bayan gida har tsawon makonni. Mafi yawan yaran da ta shiga ba sa nuna wata alama. A cikin kamar yara 200 da suka kamu, ɗaya ne ƙwayar kan ratsa ta kai ga lakarsa ta kashe jijiyoyin motsi. Ma'anar wannan ita ce, duk inda aka ga yaro ɗaya ya shanye, akwai ɗaruruwa a unguwar da ke ɗauke da ƙwayar suna wasansu lafiya lau.

Ƙwayar iri uku ce, na 1 da na 2 da na 3, kuma garkuwar da jiki ya samu game da iri ɗaya ba ta kare shi daga sauran biyun. A 1988, lokacin da ƙasashen duniya suka ƙulla niyyar kawar da cutar, ana ƙiyasta cewa tana shanye yara kimanin 350,000 a kowace shekara a ƙasashe 125.

3. Tuntuɓen Alƙalamin Mai Kwafi

Ɗalibin da ya taɓa nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami ya riga ya san rabin wannan ilmi. Kafin zuwan maɗaba'a, in malami yana son waƙa ko littafin tarihi, sai ya aro ya kwafa da hannu. Komai ƙwarewarsa, ba a rasa inda alƙalami zai yi tuntuɓe, ya tsallake kalma ko ya musanya harafi. Almajirin da ya kwafa daga nasa zai gaji wannan kuskure, ya kuma ƙara nasa. In aka tara kwafi goma na waƙa ɗaya, daga Kano da Zariya da Sakkwato, mai nazari zai iya gane wane ne ya fito daga wane, ta bin kurakuran da suka yi tarayya a kansu.

Haka lamarin bairas yake. Ita ƙwayar shan inna ba ta da komai a cikinta sai wani ɗan zare mai ɗauke da rubutun halittarta, wanda tsawonsa ya kai haruffa kusan 7,500, kuma baƙaƙe huɗu kacal ake jujjuyawa a rubuta shi. Ba ta iya haihuwa da kanta. Sai ta shiga cikin ƙananan ɗakunan da aka gina jikin mutum da su, waɗanda masana ke kira sel, ta tilasta musu su yi ta kwafar rubutunta. Cikin 'yan sa'o'i ɗaki ɗaya kan fitar da dubban sababbin ƙwayoyi. To, mai yin wannan kwafi gaggawa gare shi, ba ya komawa baya ya duba aikinsa, saboda haka kurakurai ba sa yankewa. Ƙwayar korona, wadda rubutunta ya kai haruffa kusan 30,000, tana da ɗan abin gyaran kuskure, shi ya sa sauyinta bai kai na shan inna sauri ba.

Yawancin kurakuran nan ko dai su lalata ƙwayar, ko kuma su wuce ba su sauya komai ba. Jefi-jefi ne ake samun wanda ya ba ta wata fa'ida, alal misali ta fi saurin hayayyafa a hanji, ko ta fi iya kauce wa garkuwar jiki. Wadda ta sami irin wannan fa'ida za ta fi 'yan'uwanta yawan zuriya, zuriyar kuma ta gaji sauyin, har a wayi gari ta mamaye wuri. Wannan shi ne sabon reshe, kuma irinsa ne aka raɗa wa suna Delta ko Omikron. Babu dabara ko niyya a cikin lamarin. Kuskure ne da yawan kwafi, sai kuma tankaɗe da rairaya da yanayi ke yi.

Masana sun gano cewa wani sashe na rubutun ƙwayar shan inna, mai haruffa kusan 900, yana sauyawa da misalin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Wannan ya zama musu agogo. In aka sami ƙwaya a jikin yaro, aka karanta haruffanta, za a iya faɗin daga wace zuriya ta fito, da kuma tsawon lokacin da ta yi tana yawo ba a gan ta ba.

4. Daga Kano Zuwa Indunusiya

Tsohon birnin Kano wuri ne da irin wannan ƙwaya ke samun abin da take so. Gidaje a cunkushe suke a Dala da Gwale da tsakiyar Birni, ana haihuwa da yawa, lunguna na da magudanai a buɗe, a gida ɗaya kuma akan sami rijiya da masai ba nisa tsakaninsu. Daɗin daɗawa, Kano gari ne na fatauci tun kafin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, kuma har yau baƙi ba sa yanke shiga da fita.

A tsakiyar 2003 aka baza jita-jita cewa an sa maganin hana haihuwa a cikin ɗigon rigakafin shan inna. Ruwa ba ya tsami banza: mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta cewa maganin ne sanadi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Saboda haka tsoron iyaye yana da tushe, ko da yake zargin da aka yi wa ɗigon bai tabbata ba. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai ƙarshen watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga ƙasar Indunusiya.

A wannan tsakani an haifi dubban yara da ba su sami ko ɗigo ɗaya ba, kuma ko bayan an koma, gidaje da yawa sun ci gaba da rufe ƙofa. Ƙwayar ta bi hanyoyin da fatake da alhazai suka saba bi. Ta shiga ƙasashen maƙwabta, ta ratsa Chadi ta kai Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Saudiyya da Yaman. A 2005 ta shanye yara sama da 400 a Yaman, da sama da 300 a Indunusiya, ƙasar da ta yi shekara goma ba ta ga cutar ba. Gaba ɗaya, ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita ne suka sake kamuwa. Yadda aka san asalinta kuwa shi ne ta karanta haruffanta, aka ga kurakuran da ta gada iri ɗaya ne da na zuriyar arewacin Nijeriya. A gida kuma, a 2006 an ƙidaya yara 1,122 da suka shanye a Nijeriya, fiye da rabin na duk duniya a shekarar.

5. Ƙwayar da Aka Karya wa Lago

Nan ne aka zo ga zuciyar magana. Rigakafin shan inna iri biyu ne. Akwai allurar da Jonas Salk ya fito da ita a Amurka a 1955, wadda ke ɗauke da matacciyar ƙwaya. Akwai kuma ɗigon baki na Albert Sabin, wanda aka fara amfani da shi ko'ina a farkon shekarun 1960, wanda ke ɗauke da ƙwaya mai rai da aka karya wa lago. Sabin ya yi ta renon ƙwayar a ɗakin gwaji, zuriya bayan zuriya, yana zaɓen waɗanda suka rasa ikon cin jijiya. Watau ya yi amfani da rikiɗar ƙwayar ne don amfanin ɗan Adam. Ɗigon yana da araha, ba ya bukatar ma'aikacin jinya, kuma yana kafa garkuwa a hanji, inda cutar ke sauka. Da shi ne aka rage shan inna a duniya da fiye da kashi 99 cikin 100.

Sai dai bambancin da ke tsakanin wannan raunanniyar ƙwaya da mai shanyewa haruffa ne 'yan kaɗan. A iri na 2, wurare biyu ne mafi muhimmanci. Yaron da aka ɗiga wa yakan fitar da ƙwayar cikin bayan gida na wasu makonni, kuma ita ma kwafarta ake yi da kurakurai kamar kowace. In yawancin yaran unguwa suna da garkuwa, sai ta rasa inda za ta sauka, ta mutu a magudana. In kuwa an ɗiga wa kaɗan an bar da yawa, sai ta tashi daga wannan yaro zuwa wancan, wata da watanni, kowane jiki yana ba ta damar sake gwada sa'a, har kuskure ya mayar da waɗancan haruffa yadda suke a da. Wani lokaci ma takan yi musayar sashen rubutu da wasu ƙwayoyin hanji 'yan'uwanta. In ta yi kamar shekara guda tana wannan yawo, takan dawo da ikon shanye yaro kamar ƙwayar daji.

Abin da ya auku a Arewa ke nan. Ƙwayar daji iri na 2 an yi mata ganin ƙarshe a duniya tun 1999 a ƙasar Indiya. Amma daga 2005 sai aka fara ganin yara suna shanyewa da iri na 2 a jihohin Arewa, har da Kano, kuma da aka karanta haruffan sai aka ga jikokin ƙwayar ɗigo ne. Dalili shi ne, a waɗannan shekaru an fi mayar da hankali kan iri na 1 da na 3, ana zagaye da ɗigon da ya ƙunshi iri ɗaya kawai, rigakafin yau da kullum na asibiti kuma bai kai ga yawancin jarirai ba. Sai aka sami tarin yara marasa garkuwar iri na 2. Tsakanin 2005 da 2011 wannan reshe ya shanye yara kimanin 400, kuma bincike ya nuna cewa rikiɗar ta auku sau fiye da 20, a wurare dabam-dabam, kowace da kanta.

Ya kamata a fahimci wannan da kyau, don kada a juya shi ya zama hujjar ƙin rigakafi. Yaron da ya sami cikakken ɗigo ya tsira daga ƙwayar daji da rikiɗaɗɗiya baki ɗaya. Waɗanda ke shanyewa su ne waɗanda aka tsallake ko aka yi wa rabi da rabi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

6. Shin Cuta Kan Yi Sauƙi da Kanta?

Yanzu ana iya komawa ga maganar da aka fara da ita. Abin da tankaɗen yanayi ke zaɓa shi ne iya yaɗuwa. Zafin cuta kuwa yana bin baya ne, ya ragu ko ya ƙaru gwargwadon yadda ya shafi yaɗuwar.

Akwai inda zafi ya ragu. A 1950 an saki wata bairas mai suna miksoma a ƙasar Ostireliya don rage zomaye da suka addabi manoma. Da fari tana kashe fiye da 99 cikin 100 na waɗanda ta kama. Sauro ne ke ɗaukarta, saboda haka reshen da ke kashe zomo da wuri ba ya samun lokacin da sauro zai cije shi ya kai gaba. Cikin 'yan shekaru sai rassa masu matsakaicin zafi suka rinjaya. Ko a nan ma ba ta zama mura ba, ta ci gaba da kashe mafi yawan waɗanda ta kama, kuma da zomayen suka fara jurewa sai aka ga rassa masu ƙarin zafi sun sake ɓullowa.

Akwai inda zafi bai motsa ba. Agana ta yi ɗaruruwan shekaru tana kashe misalin 3 cikin 10 na waɗanda babban nau'inta ya kama, ba ta sassauta ba har aka kawar da ita da lamba, aka yi shelar ƙarewarta a 1980.

Akwai kuma inda ya ƙaru. Delta ta fi korona ta farko kwantar da mutane a asibiti. Omikron, wadda aka gano a kudancin Afirka a watan Nuwamba na 2021, ta zo da sauƙi a kan kowane mutum ɗaya, saboda ta fi zama a hanci da maƙogwaro fiye da huhu, kuma ta tarar da jama'a da yawa sun riga sun sami garkuwa ta allura ko ta kamuwa. Wani kaso na abin da ake gani kamar laushin ƙwaya, ƙarfin jikin mutane ne.

Ita kuwa shan inna, a hanji take samun zuriya. Shanye ƙafar yaro ɗaya cikin ɗaruruwa ba ya rage mata tafiya ko kaɗan, don haka babu abin da zai tankaɗe zafinta ya fitar. Hasali ma sauyin da ke ƙara mata ƙarfi a hanji shi ne ke mayar mata da ikon cin jijiya.

7. Abin da Jakara Ke Faɗi

Bayan wahalar waɗancan shekaru an yi aiki tuƙuru. Sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai sun shiga cikin lamarin, mata ma'aikata suka bi gida-gida. Wasu sun ba da rayukansu, kamar tara da 'yan bindiga suka kashe a Kano a watan Fabrairu na 2013. Yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta shanye a Jihar Kano an same shi a Sumaila a watan Yuli na 2014. A 2016 ta sake ɓulla a Barno, agogon haruffa kuma ya nuna cewa ta yi kusan shekara biyar tana ɓoye a yankunan da rikici ya hana shiga. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka yi shelar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar daji.

Amma an kashe maciji ba a sare kansa ba. A watan Afrilu na 2016 duniya ta cire iri na 2 daga ɗigon yau da kullum, don a daina shuka irin da ke rikiɗa. Yaran da aka haifa bayan haka, in ba su sami allurar Salk a asibiti ba, ba su da wata garkuwa game da shi, allurar ma ba ta tsare hanji kamar ɗigo. Ragowar rikiɗaɗɗiyar ƙwaya ta sami fili, har a 2021 ta shanye yara sama da 400 a Nijeriya. A watan Maris na wannan shekara Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabon ɗigon iri na 2, wanda aka gyara rubutunsa yadda komawarsa ga zafi zai yi wuya ƙwarai. Duk da haka, wani reshe da aka fara gani a Zamfara a 2020 an tsince shi a ruwan magudanan Sifen da Polan da Jamus da Ingila da Finlan a ƙarshen 2024.

Tun 2011 aka fara ɗibar ruwan magudanai a Kano, har da na Jakara da ke ratsa tsohon birni, ana kai wa ɗakin gwaji a Ibadan. Hikimar ita ce, tun da mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba sa nuna alama, ruwan da ya kwaso dattin unguwanni zai tona asirinta kafin ta shanye wani.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da abubuwa uku. Na farko, rikiɗa sakamakon yawan kwafi ne, saboda haka duk yaron da aka kare an rage wa ƙwaya wurin gwada sa'a. Na biyu, rigakafin rabi da rabi yana da nasa haɗari na musamman, don haka jami'in da ya cika takarda da alƙaluman ƙarya, ya rubuta an ɗiga wa unguwa alhali an tsallake lunguna, ya yi wa ƙwayar aiki. Na uku, ruwan sha mai tsabta da gyaran magudanai da masai suna cikin maganin, kuma wannan ya shafi ma'aikatan ruwa da na tsabtar gari da na ƙananan hukumomi kamar yadda ya shafi likitoci.

Ɗaliban harshe su ma suna da nasu rabon aiki. Tarihin 2003 ya nuna cewa jama'a ba sa karɓar abin da ba a yi musu bayaninsa da gaskiya ba, cikin harshen da suke tunani da shi. Uwar da ta tambayi dalilin da ya sa aka ce cuta ta ƙare amma har yanzu ana ƙwanƙwasa mata ƙofa, tambayarta tana kan hanya, kuma ta cancanci cikakkiyar amsa da Hausa.

Magabata sun fara gina ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, kuma sun san cewa in aka bar gefe ɗaya ya zube, tsayin sauran ba ya hana mahara shiga. Garkuwar yaran birni ma haka take, kuma tun da kullum ana haihuwa, kullum akwai sabon gefen da ke jiran yaɓe.

Allah ya ba da lafiya da zama lafiya.